ALLON LISSAFI A CIKIN WAYA: MU SOMA, AMMA KADA MU YAR DA LITTAFI

  

Zancenmu a wannan fitowa ba na iri ba ne, ba kuwa na feshi ba. Zancen lissafi ne. Mun daɗe muna so mu taɓo shi muna ja da baya, gama mun san inda ya ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Amma abin da muka gani da idonmu a wani taron ƙarshen shekara ya sa muka ce ba sauran jira.

Wata ƙungiyar gama kai ce a nan yankinmu, ba za mu faɗi sunanta ba. Mutum arba'in ne da 'yan kai. Tun da bazara suka haɗa kuɗi suka sayo taki, aka raba bashi, a biya da kaka. Ranar taro magatakarda ya karanta nasa littafi, ma'aji ya karanta nasa, sai ga kuɗin buhu shida ba su da gurbi. Tun ƙarfe biyu na rana a ke tarawa ana sāke tarawa har aka kunna fitila. Kowa ya karɓi littafi ya tara, sai ya fito da tasa jimla dabam. Kafin a tashi an riga an soma duban ma'aji da wutsiyar ido. Dattijo ne wanda ya haifi da yawa daga cikin masu dubansa. Ya miƙe, ya ajiye mabuɗin akwati a kan tebur, ya ce, "'Ya'yana, ga kayanku. Ban ci ko kwabo ba, amma ba ni da bakin da zan wanke kaina."

Bayan mako biyu aka kawo mana littattafan. Muka zauna da magatakarda muka zuba su cikin kwamfuta, suna bayan suna. Ba mu cika awa biyu ba gaskiya ta fito. An rubuta mutum ɗaya sau biyu, sau ɗaya da sunansa na yanka, sau ɗaya da laƙabin da aka san shi da shi, buhu huɗu ke nan. Sa'an nan wajen ɗauko jimlar wani shafi zuwa na gaba an yi ƙarin buhu biyu. Ashe kuɗin akwati daidai su ke, ba ko sisi da ya ɓace. Aka je aka ba Baba haƙuri, ya ce ya yafe. Amma mabuɗin nan bai sāke karɓa ba, mutum tara kuma sun riga sun janye kuɗinsu sun fita.

Ba ɓarawo a cikin labarin nan. Tarawa ce kawai ta ci mutuncin dattijo, ta raba ƙungiya. Saboda haka ga ra'ayinmu a fili: lokaci ya yi da kowace ƙungiya a Nasarawan Doya da kewaye, daga Gubuchi da Gazara har Ikara da Hunƙuyi, za ta soma aiki da allon lissafi na kwamfuta. Amma a soma da kaɗan, a soma a gaban kowa, littafin takarda kuma ya zauna a matsayinsa na uba.

Mene ne shi?

Mutane sun fi saninsa da sunan Excel, ko da ya ke Excel iri ɗaya ne kawai cikin irinsa. Mu dai muna kiransa allon lissafi. Wanda ya san dara ya riga ya san kamanninsa: gidaje ne jere, layi a kwance, layi a tsaye. Layukan tsaye suna da haruffa a kansu, A, B, C. Layukan kwance suna da lamba a gefe, 1, 2, 3. Don haka kowane gida yana da sunansa. Gidan da ke layin C, na biyu daga sama, sunansa C2. Kana iya sa suna a gida, ko lamba, ko kuwa umarni. Umarnin nan shi ne dukan asirin. Kana iya ce wa wani gida, "Kai, aikinka shi ne ka ninka abin da ke C2 da abin da ke H1." Daga ranar, duk sa'ad da aka sāke lambar da ke C2 ko H1, gidan nan zai sāke amsarsa da kansa, ba gajiya, ba gyangyaɗi.

Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai ba mu ga baƙon abu ba ranar da aka fara nuna mana shi. Rajistar aji ce, da babbar takardar nan ta sakamakon jarrabawa wadda mu kan kwana muna tarawa a ƙarshen zango. Bambancin kawai, wannan tana tara kanta.

A aji ma aka haife shi. Wani ɗalibi a makarantar koyon kasuwanci ta Harvard a Amurka, Dan Bricklin, ya riƙa ganin malami yana cika allo da lambobi, in lamba ɗaya ta sauya sai a share a sāke tun daga fari. Shi da abokinsa Bob Frankston suka ƙera VisiCalc, ya fito a 1979 a kan kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel na kamfanin Microsoft a 1985, Google Sheets a 2006. A da sai babban ofis ke da shi. Yau yana cikin wayar hannun da ɗanka ke kallon ƙwallo da ita. Ana iya sauke Google Sheets ko WPS Office a waya ba tare da an saya ba. Mai kwamfuta kuma yana iya sa LibreOffice Calc, kyauta ne, ba ya kuma bukatar intanet kafin ya yi aiki.

Mun ji waɗansu dattawa suna cewa wannan abin yara ne, ya wuce su. Muna roƙon iyayenmu su tuna da ranar 1 ga Janairu, 1973. Kafin ranar, kwabo sha biyu ke sule, sule ashirin ke fam. Aka wayi gari an ce fam ɗaya naira biyu ne, sule kwabo goma ne. Iyayenmu mata masu sayar da daddawa, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suka juya lissafin nan a kansu cikin kasuwa, ba wanda ya cuce su. Wanda ya haye wancan kogi, wannan rafi ba zai cinye shi ba. Ba ma cewa kowa sai ya iya latsawa. Muna cewa kowa yana iya fahimtar abin da a ke latsawa da sunansa.

Shafi ɗaya, tambaya ɗaya

Kuskuren masu farawa shi ne haɗama. Yaro ya koyi abu jiya, yau yana so ya zuba adashi, da bashin taki, da hayar injin ban ruwa, da kuɗin tara, duka a shafi ɗaya, da launi ja da kore. Bayan wata biyu shi kansa ba ya gane kan abin. A'a. Ku zaɓi tambaya ɗaya wadda ta fi jawo muku gardama. A yawancin ƙungiyoyinmu ita ce: wa ya ɗauki taki nawa, ya biya nawa, saura nawa?

Ga yadda za a yi. A layi na farko na kwance a rubuta kanun kawai. A1, lambar ɗan ƙungiya. B1, suna. C1, buhu. D1, bashi. E1, abin da ya biya. F1, saura. Can gefe, a gidan H1, a rubuta kuɗin buhu ɗaya, sau ɗaya tak, kada a maimaita shi ko'ina. Daga layi na biyu zuwa ƙasa, kowane mutum da layinsa.

Yanzu umarni. Kowane umarni yana farawa da alamar daidai, watau =. A gidan D2 a rubuta =C2*$H$1. Tauraron nan shi ne "sau". Alamar dala kuwa ba kuɗin Amurka ta ke nufi ba, turke ce: tana ɗaure umarnin ga gidan H1 domin kada ya zame sa'ad da aka kwafe shi zuwa ƙasa. A F2 a rubuta =D2-E2. Sai a kwafi gidajen nan biyu a sauke su har kan mutum na ƙarshe. In ku arba'in ne, sunayenku za su kama daga layi na 2 zuwa na 41. Domin jimlar buhuna sai a sami gida a gefe a rubuta =SUM(C2:C41). Kalmar nan SUM ma'anarta "tara". Iyakar Turancin da a ke bukata a watan farko ke nan.

A ce, domin misali kawai, buhu ya zo muku a kan N45,000, wani ya ɗauki uku. Allon zai nuna N135,000. Ya kawo N100,000, saura N35,000. Sai daga baya aka tuna ba a sa kuɗin mota da na 'yan dako ba, buhu ya koma N46,500. Da littafi ne, magatakarda zai sāke ninkawa sau arba'in, ya sāke debewa sau arba'in, a nan ne kuwa kuskure ke shiga. A allon nan gida ɗaya za a taɓa, H1, layuka arba'in su gyaru a ƙiftawar ido.

Ku lura mun sa lamba kafin suna. Wannan darasin Baba ma'aji ne. A garuruwanmu mutum ɗaya yana da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabi, da sunan da ke kan katinsa, wani lokaci ma rubutunsu ya sha bamban. A gida ɗaya kuma a kan sami masu suna ɗaya su uku. Ku ba kowa lamba tasa ta har abada, a rubuta ta a littafi, a rubuta ta a rasit, a rubuta ta a allo. Suna yana da tagwaye, lamba ba ta da su.

Ramukan da muka faɗa

Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma mun sha faɗuwa.

Na fari, a gidan lamba a sa lamba tsirara. In ka rubuta "buhu 3" ko "3 da rabi", allon zai ɗauke shi magana ce, ba lamba ba. Wajen tarawa sai ya tsallake shi shiru, ba zai ce maka komai ba. A rubuta 3, ko 3.5. Kalmar "buhu" ta zauna can sama a kanu. Haka kuma ma'auni: in da tiya kuka fara, ku ƙare da tiya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji mutane. To, allon nan ba shi da ido. In ka cakuɗa masa mudu da tiya da kilo a layi ɗaya, zai tara maka su duka da zuciya ɗaya.

Na biyu ya fi ciwo, domin yana iya hana mutum rabonsa. Lambobin wayarmu da sifiri su ke farawa. Lambar asusun banki guda goma ce, da yawa kuma da sifiri su ke farawa. Allon lissafi yana ganin sifirin gaba ba shi da amfani, sai ya yar da shi. Lambar waya mai guda sha ɗaya ta koma goma, lambar asusu ta koma tara. Tun daga 2012, sa'ad da gwamnatin tarayya ta soma raba tallafin taki ta saƙon waya a zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, da kuma shirin rancen manoma na Babban Banki wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015, manomi ya gane cewa lambarsa ita ce ƙofarsa. Masu ba da rance da masu tallafi sau da yawa a irin wannan allo su kan ce a kawo musu sunaye. In sifiri ya faɗi, sunanka yana nan amma kai ba ka nan. Maganinsa sauƙi ne. Kafin a rubuta, a gaya wa allon cewa wannan layin na rubutu ne, ba na lissafi ba, ko kuwa a fara sa ɗan waƙafin sama, watau ', kafin sifirin.

Na uku, kwanan wata. Mu mu kan fara da rana sa'an nan wata. Amurkawa su kan fara da wata. In wayar an saita ta irin tasu, ka rubuta 5/6 kana nufin 5 ga Yuni, ita ta karanta 6 ga Mayu. Ga mai bin bashi da wa'adi, wata guda ba wasa ba ne. Ku duba tun ranar farko yadda taku ke karantawa.

Na huɗu shi ne babban. Kun tuna mun ce =SUM(C2:C41)? To, a ce da tsakiyar damina mutum biyu sun shigo, aka sa su a layi na 42 da na 43. In ba a duba umarnin ba, yana iya tsayawa a 41 inda aka ce ya tsaya. Jimla za ta fito tsaf, da kyan gani, amma ƙarya ce. Kada wani ya ce wannan kuskuren ƙauye ne. A 2010 manyan malaman tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike a kan bashin ƙasashe, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon na Jami'ar Massachusetts, ya karɓi allon lissafinsu ya duba gida gida. Sai ya tarar umarninsu ya tsaya kafin ƙarshen layi, ya bar ƙasashe biyar cikin ashirin a waje. Shekara uku abin nan yana zaune ba wanda ya gani, domin ba wanda ya buɗe allon ya ƙirga. In haka ta sami shaihunan malamai, ina ga magatakardanmu mai aiki da fitilar waya bayan ya wuni a fadama? Saboda haka kowace jimla a gwada ta da wani abin da ido ke gani. In allo ya ce an raba buhu 120, a duba rasit ɗin dillali, a ƙirga abin da ya rage a sito. In ba su haɗu ba, kada a tashi.

Inda ya fi littafi nesa

Duk abin da muka faɗa a sama, mai haƙuri yana iya yinsa da biro. Ga wanda biro ba ya iyawa cikin sauƙi: tambayar "in da fa?"

Kowace kaka gardama ɗaya mu ke yi. A sayar da masarar ƙungiya yanzu, ko a ajiye sai bazara? Masu cewa a ajiye su kan ce kullum farashi hawa ya ke yi. Shekarar 2025 ta nuna ba kullum ba ne, gama hatsi ya sauka maimakon ya hau, waɗanda suka tara da yawa sun ji a jikinsu. Ba mai iya sanin farashin gobe, allon lissafi ma bai sani ba. Abin da ya ke iya faɗa shi ne iyakar da in farashi bai kai ta ba, kun faɗi.

Mu ɗauki misali, lambobin namu ne, ku sa naku. Buhu 100, ana saye N40,000 a kaka, watau N4,000,000. Ajiya ta wata biyar, da buhu, da magani, da hayar ɗaki, a ce N2,000 kowane buhu, N200,000 ke nan. Ƙwari da ɓera da bushewa su ci buhu biyar, saura 95. Sai a raba N4,200,000 gida 95, ya ba da kimanin N44,200. Ƙasa da haka, gara da kun sayar tun kaka. In kuwa kuɗin da ke kwance cikin masarar nan rance ne mai ruwa, a ce kashi uku cikin ɗari kowane wata, an ƙara N600,000, iyakar ta tashi zuwa kimanin N50,500. Kun ga tazarar? Yanzu sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "In muka sayi buhun PICS mai riɓi uku fa, kuɗin ajiya ya ƙaru amma ɓarnar ƙwari ta ragu?" A sauya gida biyu, amsa ta fito nan take, kowa yana gani. Gardamar da a kan yi da ƙarfin murya sai ta koma ta lamba, mai ƙaramar murya ma ya sami shiga.

Manoman rake sun fi kowa bukatar wannan. Maƙarfi da rake aka san ta, rake kuwa kusan shekara ya ke yi a gona. Kuɗin iri ya fita tun da rani, na man injin ban ruwa yana fita kaɗan kaɗan, na taki, na 'yan ƙwadago, na sara, na ɗauri, na mota. Ranar da mai saye ya zo ya yi wa gona kuɗi a tsaye, manomi ya ga dunƙulen kuɗi ya yi murna, alhali ya manta rabin abin da ya kashe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, kuɗin ban ruwa ba abin da za a riƙe a ka ba ne kuma. Mun tambayi masu rake da dama nawa dami ɗaya ya tsaya musu. Ba mu cika samun mai amsa ba. Wanda bai san wannan ba, yaya zai san ko sayar da ɗanye ya fi, ko dafa mazarƙwaila? Haka masu tumatir a Ikara da Kudan, waɗanda kuɗin kwando kan juya musu tsakanin mako da mako.

Tsoron da ke da gaskiya

Wata uwa a cikin zumuntar mata ta tare mu bayan mun gama irin wannan bayani. Ta ce, "Malam, na ji. Amma littafi, ko ban iya karatu ba, na san inda na dangwala yatsana. In kuɗina ya shiga wayar yaron nan, ya share, ina zan ga wurin da ya share?"

Ba mu da abin da za mu ƙara a kan tambayar Mama. Ita ce gaskiyar magana, ita ce kuma dalilin rabin kan wannan rubutu. Littafi in an kankare shi yana nuna tabo. Allon kwamfuta ba ya nuna tabo ga wanda bai san inda zai duba ba. Daɗin daɗawa, yana ɗauke iko daga hannun dattawan da aka zaɓa ya sa a hannun duk wanda ke da babbar waya. Yaron kirki ne yau. Gobe ya sami aiki a Kaduna ya tafi da wayarsa, ko ta faɗa rijiya, ko a sace ta ranar kasuwa. Ƙungiyar da ta yar da littafinta ta zama ba ta da tarihi.

Don haka mu ba mu goyon bayan a ce allo ya gaji littafi. Kuɗi ya shiga, a fara rubutawa a littafi, mai biya ya sa hannu ko ya dangwala, a ba shi rasit. Daga littafi a ke kwafa zuwa allo, ba daga allo zuwa littafi ba. In suka saɓa, littafi da rasit ke da gaskiya har sai an gano inda kuskuren ya ke. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta ce a binciki lissafin kowace ƙungiya mai rajista aƙalla sau ɗaya a shekara, mai bincike kuwa sa hannu da rasit zai nema.

Mai riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai latsa allo. Masu iya allon kuma kada su gaza biyu, ɗaya a cikinsu mace. Ba don ado muka faɗi haka ba. A ƙungiyoyi da yawa mata ne suka fi biyan bashi a kan kari, su ne kuma a kan bari a baya wajen karatun lissafi. 'Yan matanmu da suka gama sakandare suna zaune a gida, ga aiki.

Allon kuma na ƙungiya ne, ba na mai waya ba. In Google Sheets kuka zaɓa, a buɗe asusun da sunan ƙungiya, shugaba da magatakarda su san kalmar sirri. Yana da wata fa'ida da za ta kwantar wa Mama da rai: yana ajiye tarihin gyare-gyare, ana iya komawa a ga abin da aka sauya, da ranar, da asusun da ya sauya. Ana kuma iya ba sauran 'yan ƙungiya izinin gani kawai ban da taɓawa. Amma mun san halin sabis a ƙauyukanmu, wata rana sai an hau tudu. Saboda haka takarda ba ta da magaji. Kowane wata uku a kai shagon buga takardu a Maƙarfi ko Ikara a buga shafin, a karanta shi da ƙarfi a taro, suna da lamba, kowa ya amsa nasa, shugaba da ma'aji su sa hannu, a manna shi cikin littafi. Daga ranar, ko waya ta nutse, abin da aka karanta ya zauna.

Abu ɗaya kada ya shiga shafin da a ke yawo da shi a WhatsApp: lambar BVN da ta NIN ta mutane. 'Yan damfara da irin waɗannan su ke aiki. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. In masu rance sun nema, a yi musu shafi dabam, a miƙa, kada a watsa.

Sauran magana ita ce yaushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku bari sai ranar da motar taki ta tsaya a ƙofar sito, mutane suna turereniya, sa'an nan a ce yaro ya buɗe waya ya koya. Da rani a ke koyo, da lissafin da an riga an rufe. Ku ɗauko littafin bara wanda kowa ya san ƙarshensa, ku zuba shi a allo, ku ga ko jimlar za ta yi daidai da wadda kuka amince da ita. In ta yi, kun iya. In ba ta yi ba, ko dai ku ne kuka yi kuskure yau, ko kuwa an yi shi bara ba a gani ba, ko wanne ne kuwa gara a sani.

Mu malaman gona a shirye mu ke mu zo mu zauna da kowace ƙungiya da ta aiko. Ba sai kun sayi kwamfuta ba, kada ma wani ya ruɗe ku ku ci bashi domin ta. Ku tanadi waya ɗaya mai cikakken caji, da littafin bara, da ƙunshin rasit, da mutum biyun da kuka zaɓa. Ma'aji da shugaba su zauna kusa inda za su ga fuskar wayar. Zama biyu ya isa a gama shafin taki.